Kyamarar Tsakar Gidan Inna

Ranar wata Alhamis ce a tsakiyar damina, da misalin ƙarfe biyar na yamma, a gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Fulatan a ƙasar Rogo. Mu huɗu ne a tsakar gida: ni, da mahaifiyata da muke kira Inna, da ƙanwata Rabi wadda ke aure a Rogo Sabon Gari, sai Sabi'u mai haɗa sola, wanda na ɗauko daga Karaye. Aikina karanta labarai a wani gidan rediyo a Kano, kuma an hore mu kada mu faɗi abin da ba mu tabbatar ba. To wallahi abin da zan ba ku, wani a gabana ya faru, wani kuma na gani a bidiyo na ji da kunnena, ba wani ya ba ni labari ba.

Tun rasuwar mahaifinmu Inna ta ƙi barin gidan. A farkon daminar nan santsi ya kwashe ta a ƙofar madafa, ta bugu a ƙugu, ta kwanta a nan tun hantsi har azahar kafin maƙwabciya ta leƙo. Bayan ta warke da sanda take tafiya, kuma likita ya ce mana idan ta sake irin wannan faɗuwar, da wuya ta tashi. Abin da ya sa na sayi kyamarar ke nan.

A lokacin sabuwa ce, ban san kowa a yankinmu mai irinta ba. 'Yar fara ce kamar ƙwaryar shan fura, da ido ɗaya baƙi, da layin waya a cikinta da ɗan farantin sola. Daga Kano kana buɗe wayarka sai ga tsakar gida tar, ka juya kanta dama ko hagu, ka yi magana a ji ka, a amsa ka ji. Idan ta ga motsi kuma sai ta ɗauka ta ajiye. Sabi'u ya kafa ta a ƙarƙashin indararo, tana kallon rumfa da ƙofar zaure. Rabi tana ta tsokana wai yanzu Yaya zai riƙa ƙirga loma nawa Inna ta ci. Inna dai ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon abin, sannan ta ce a juya shi daga hanyar makewayi.

Gaskiya a makonnin farko na ji daɗinta. Hoton yana fita sosai sai dai in hadari ya haɗu, tana cin data kamar me, kuma awaki sun ishe ni, don duk wadda ta gifta sai wayata ta yi ƙara. Matsala ɗaya ce: Inna ba ta amsa ni. Zan ce "Inna, ina wuni?" ina ganinta a zaune, ta ji sarai, amma ko ɗaga kai ba za ta yi ba. Da na je gida na yi mata maganar, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, don ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa:

"Mu an hana mu amsa kiran da ba mu ga mai shi ba."

Na ce, "Inna, ai kullum kina jin muryata a rediyo, ba ki ganina."

Ta ce, "Rediyo ba ta kiran mutum ta tsaya jiran amsa."

Rabi ce ta samo dabara. Ta ce in riƙa farawa da cikakkiyar sallama, tunda amsa sallama wajibi ne, Inna ba za ta iya yin shiru ba. Haka kuwa aka yi. In na yi sallama sai ta amsa, mu gaisa, in tambayi ƙugu, ta ce da sauƙi. A hankali ta saba, har takan ce wa kyamarar a gaida yara.

Abin ya faru ne wata Talata, bayan sabuwar gyaɗa ta fara shigowa. Ni ke karanta labaran ƙarfe ɗaya na rana, kai tsaye, kuma dokar wurin aikinmu ce ba a shiga ɗakin watsa labarai da waya. Tawa tana kashe a cikin aljihun tebur. Da na fito na kunna, na tarar Rabi ta yi ta kirana. Na kira ta, ta ce, "Yaya, kana ina?" Na ce ina wurin aiki mana. Ta ce, "Ba ka zo gida ba?" Na ce wane gida? Sai ta ce in buɗe abin da kyamara ta ɗauka.

Na buɗe. Inna tana zaune a rumfa tana ɓarar gyaɗa, 'yar rediyonta a gefe a kan tabarma, ana jin muryata a ciki ina karanta labarai. Rana tsaka, ba kowa a gidan. Sai na ji an yi sallama.

Jama'a, muryata ce. Na yi shekara da shekaru ina sauraron kaina a faifai, na san muryata fiye da yadda yawancin mutane suka san tasu. Har ɗan gyaran muryar da nake yi kafin in fara magana sai da aka yi. Inna ta amsa. Daga baya na tambaye ta ba ta yi mamaki ba, ga ni a rediyo? Ta ce ai ni na taɓa gaya mata wani shirin ɗauka ake yi a sa daga baya.

Aka gaisa, aka tambayi ƙugu. Sannan muryar ta ce, "Inna, na zo ne, motata ta maƙale a bayan gida, bakin kududdufi. Zagayo ki same ni."

Duk wanda ya san gidan ya san mota ba ta zuwa wurin. 'Yar siririyar hanya ce ta jar laka tsakanin katangarmu da kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, a lokacin kuma ya cika taf. Mai ƙafa lafiyayya ma a hankali yake bi. Ina kallo Inna ta ture faifan gyaɗa, ta jawo sandarta, ta miƙe da ƙyar, ta yafa mayafi. Abin ya riga ya wuce, na san ya wuce, amma wallahi sai da na ji kaina ina cewa "Kada ki je" a gaban waya.

Ta fara takawa zuwa zaure. Awakin nan da suka saba bin ta, duk sun matse a kusurwa ɗaya, ba mai motsi. Ta kai bakin ƙofa, ta ɗaga ƙafa za ta tsallake dokin ƙofa, sai muryar ta ce, da ɗan ƙosawa:

"Yi sauri, Hauwa'u."

Inna ta tsaya cak.

Hauwa'u sunanta ne na yanka. Ban taɓa furta shi ba a rayuwata, ko a bayan idonta. Har 'yar da na haifa aka sa mata sunan, Ummi muke ce mata. Inna ta janye ƙafarta, ta zame ta zauna a ƙasa a nan bakin ƙofa, ta rungume sandarta, bakinta na motsi tana karanta abin da ta sani. Aka sake kira. Ba ta amsa ba. Aka kira na uku, a hankali, kamar ana lallashi. Duk wannan, ga muryata a rediyo tana ci gaba da labarai. A haka maƙwabciya ta same ta, ta kira Rabi.

A ranar na hau mota zuwa Karaye, na ƙarasa a babur. Washegari na zaga bayan gida, laka lumus, ba sawun taya, ba sawun mutum. Sabi'u ya zo ya duba, ya ce ana iya sace lambar sirri a shiga kyamara, kuma yanzu akwai na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum, balle ni da muryata ke yawo a gari kullum. Na yarda da shi, don ni kaina na taɓa gabatar da shiri a kan haka. Sunan ma ba abin ɓoye ba ne, yana kan katinta na zaɓe. Na so ƙwarai in tsaya a nan.

Amma akwai abin da kunnena ya ƙi yarda da shi. Na kai bidiyon wurin injiniyanmu, wani dattijo da ya tsufa a aikin sauti, ban gaya masa komai ba, na ce ya saurara kawai. Ya sa abin ji a kunne, ya maimaita ya sake maimaitawa. Ya ce sallamar da gaisuwar daga lasifikar kyamarar suka fito, ana jin kaifin ƙarfe a ciki. Sannan ya ce, "Amma wannan kiran sunan ba daga cikinta ba ne. Mai maganar yana tsaye a fili, nesa da makirfo." Ya sake saurara, ya cire abin kunnen, ya dube ni. "Kuma matsowa yake. Na uku ya fi na farko kusa."

Da na koma na tambayi Inna daga ina ta ji kiran ƙarshe, sai ta ce daga cikin zaure.

Ban san mene ne ba, kuma ba zan ƙirƙiro muku suna in sa masa ba. Wani malami a Fulatan ya zo da ɗalibansa suka yi karatu a gidan, ya ce a cire abin, aka cire. Ban ce kowa ya jefar da tasa ba, tana da amfani. Sai dai idan za ku saka wa tsohuwa irin wannan kyamara a gidan da take ita kaɗai, ku gaya mata tun farko cewa duk wanda ya ce ta fito ta lasifika, ko da muryarku ce, kada ta fita. In kuma ta ce akwai kiran da ba ta amsawa, ku ƙyale ta.

Inna ba ta sake kwana a gidan ba, tun a ranar ta koma wurin Rabi a Rogo Sabon Gari. Ƙafarta lafiya, ba ta sake faɗuwa ba. Rabi ta ce har yau, idan ƙarfe ɗaya ta yi aka ji na gyara murya zan fara labarai, Inna takan ce a kashe rediyon.