Tikiti Kafin Tuwo

Bayan juyin juya halin Misirawa da kaɗan muka kama wani ɗan shago a unguwar Darrasa da ke Alƙahira, ni da maigidana, muna sayar wa ɗaliban gida tuwo da miyar kuka. Ni ce a kan tukunya. Malam kuwa, tun da ya daɗe yana karatu a Alƙahira kuma bakinsa ya faɗa da Larabcin kasuwa, shi ya zauna wajen karɓar kuɗi.

Misirawa suna da wata al'ada. In ka miƙa wa mai shago kuɗi sai ya dafa ƙirji ya ce "khalli", wato bar shi. Ba da gaske yake ba, kai ma ka sani. Sai ka nace, shi kuma ya karɓa. Malam ya kwashe wannan al'ada duka, har da dafa ƙirjin. Abin da ya manta, ɗalibin da ya sauko daga Kano ko Damagaram jiya, tarbiyyarsa ita ce ba a mayar da hannun kyauta baya. Sai ka ji ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam," ya cusa kuɗinsa aljihu, ya fita yana sakace.

Labari ya zaga masaukin ɗalibai. Tukunya tana ƙarewa kafin la'asar, gwangwanin kuɗi kuwa ka girgiza shi ka ji yana ƙara. Sai mai gidan da muke haya, wani dattijo Bamisire, ya ce in wata ya sake mutuwa bai ga haya ba, akwai mai gyaran waya da ke son shagon. Shi bai ce khalli ba.

Na zaunar da Malam. Na ce, "Daga yau ka daina faɗin kalmar nan."

Ya ce, "Hajiya, ladabi ne. Su ne ba su iya amsawa ba."

"To ladabin zai biya haya?"

Ya yi alkawari. Washegari ina kwasar tuwo na ji ta suɓuce masa, hannu a ƙirji.

Na ga ba bakinsa zan gyara ba, hanyar biyan zan gyara. Da farko na nemi na'urar kati ta banki. Takardun da ake nema ba mu da su, ɗaliban ma ba katin gare su ba. Sannan wasu suka ce za su riƙa biya da katin waya. Na gwada, sai aka kawo mini wanda an riga an sa lambarsa, kuma ban taɓa ganin mai sayar da nama ya karɓi katin waya ba. Na rufe wannan ƙofa.

Amsar tana bakin titinmu, a shagon mai koshari, abincin Misirawa na shinkafa da taliya. A can sai ka fara biya wajen wani mutum da ke zaune a wani ɗan ɗaki kamar akurki, fuska ba fara'a, ya yago maka tikiti, sannan ka kai wa mai zuba abinci. Na daɗe ina ganin haka ban lura ba.

Na sayo bandir ɗin tikiti mai lamba da akwati mai makulli. Na sa tebur a bakin ƙofa, na zauna. Fuskar ba sai na aro ba, da ita aka haife ni. Malam na miƙa masa mara da ludayi.

Ya ce, "Ni, da karatuna, a kan tukunya?"

Na ce, "A can kalmarka ba ta da illa. Faɗe ta yadda kake so."

Wasu ɗaliban suka yi tsaye a ƙofa suna leƙen Malam ta bayana. Na ce, "Yalla, maza, samari. Kuɗi, tikiti, tuwo. Haka jerin yake." Kaɗan suka ɗauke ƙafa, sauran suka saba.

Da wata ya mutu, dattijon ya zo, na ƙirga masa hayarsa cif. Ya dafa ƙirji ya ce, "Khalli, ya Hajja."

Malam ya leƙo daga bayan tukunya, ludayi a hannu, ya ce, "Hajiya, ga dama ta samu. Ce masa Allah ya saka da alheri."

Na harare shi, na nace wa dattijo har ya karɓa, na kuma ce ya rubuta mini rasit.