Sallamar da ta kai ni hannun 'yan sanda a Guangzhou

Mun tashi daga Kano bayan sallar asuba, ni da maƙwabcina mai sayar da tufafi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Shi wannan ce tafiyarsa ta bakwai zuwa China, ni kuwa ta farko, kuma ba fatauci ne ya kai ni ba. A da can, lokacin ina tuƙa tankar mai tsakanin Legas da Kano, ina da rediyon sibi a mota, irin wanda direbobi ke hira da juna ta iska. Da na ajiye tuƙi sai na ajiye shi, ɓeraye suka ƙarasa wayoyinsa. Bana sha'awar ta dawo mini, na zaga Sabon Gari kaf ban samu mai rai ba. Maƙwabcina ya ce in dai abu yana da waya a jikinsa, to akwai shi a Guangzhou.

Da muka isa Legas muka hau jirgin ƙasar waje, muka yada zango sau ɗaya, muka sauka washegari da rana. Zafin garin ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, yana manne wa mutum riga a baya. Ana tsakiyar wasannin Olamfik. Ko da yake a Beijing ake yin su, nesa da mu, kowane shago talabijin a kunne take, kowace kusurwa kuma da ɗan sanda. A masauki sai da aka ɗauki hoton fasfo ɗinmu har sau biyu. Maƙwabcina ya ce bai taɓa ganin garin a ɗaure haka ba. Mutanenmu da yawa da bizarsu ta ƙare ba sa ko leƙowa waje, abinci ma kai musu ake yi.

Ranar Juma'a muka je Masallacin Huaisheng. Bayan an idar sai ka rantse a bakin Kantin Kwari kake, Hausa ta ko'ina, ga mutanen Maraɗi da Yamai, ga 'yan zangon Gana. Muka ci taliyar Musulmin China, wadda ake ja da hannu a gabanka, kwano guda bai kai kuɗin tsiren kirki a gida ba. A nan wani dattijo ɗan Maraɗi ya ji abin da ya kawo ni, ya ajiye cokalinsa ya dube ni.

"Alhaji, wannan wata ba na abin da ke da eriya ba ne," in ji shi.

Ya ce ko masu aika kaya ta tashar ruwa ta Nansha suna ɗari-ɗari da batir da duk na'urar da ke aika magana. Na yi dariya a fili, amma na ture kwanon taliyar gefe.

Washegari da safe maƙwabcina ya rubuta mini sunan wata kasuwar kayan lantarki a takarda, ya sa ni a tasi, shi ya wuce Baima, kasuwar tufafi. Fasfona yana jakarsa, don ya ce zai sake yi mana kwafi. Ni da shi ba wanda ya tuna.

Kasuwar bene ce hawa-hawa, masu rediyo suna can sama. Shago huɗu na shiga ana ce mini "meyo", wato babu. A na biyar mai shagon, wanda kowa ke kira loban, ya gane abin da nake kwatantawa, ya fito da iri uku. Na farko ƙarami ne na mota, layi arba'in, batirin mota ke ɗaukarsa, kusan irin nawa na da. Na biyu ƙato ne na ajiyewa a ɗaki, da wani akwati mai ƙara masa ƙarfi. Loban ya nuna da hannu cewa da shi zan yi magana da wata ƙasa. Na tuna halin wutarmu, na tuna yadda irinsa ke shiga talabijin ɗin maƙwabta, amma zuciyata ta kwanta a kansa. Na uku ɗan oba-oba ne na hannu. Wannan ba sibi ba ne, amma loban ya yi ta yabonsa, wai an buɗe shi, ba layin da ba ya shiga.

A nan ƙarar kwana ta so ta same ni. Loban ya juya zai ɗauko eriya, ni kuma na ɗauki oba-oban na murɗa, na ji yana shuuu, wannan ƙarar da na yi shekaru ban ji ba. Babban yatsana ya danna maɓallin magana da kansa. Na yi sallama, na faɗi sunan da nake amfani da shi a hanya, na ce wa ke kan layi?

Sai wata murya ta amsa da Sinanci, da ƙarfi, da faɗa. Wata ta biyo baya. Loban ya fizge abin daga hannuna ya zare batirin, fuskarsa ta koma kamar toka. Ashe kan layin masu gadin kasuwar na faɗa. Su kuwa sun san hawan da ake sayar da rediyo. Ba a yi minti biyar ba suka iso su uku, da ɗan sanda a bayansu. Ɗan sandan ya miƙo hannu ya ce fasfo. Na shafa aljihun gaba, na shafa na gefe, sai na tuna yana jakar maƙwabcina.

Aka sauko da ni gaban jama'a, ba wanda ya taɓa ni, amma kowa ya matsa ya ba ni hanya. Aka sa ni a wani ƙaramin ofis mai fanka, aka ajiye oba-oban da wayata a kan tebur. Na zauna ina lissafin yadda abin zai kasance a idonsu: baƙo ba takarda, a lokacin wasanni, ya shiga layin tsaro ya yi magana da yaren da ba wanda ya sani. Na tuna labaran da aka ba mu a masallaci na waɗanda aka tsare iyalansu ba su san inda suke ba. Na tuna na ce wa maiɗakina kwana goma kawai zan yi. Duk addu'ar da na iya na karanta, wasu ma na haɗa farkon wannan da ƙarshen waccan. Lokacin azahar ya shiga ya fita ban iya buɗe baki na nemi ruwan alwala ba.

Can sai wani jami'i mai furfura ya shigo, yana jin Turanci kaɗan. Ya sa na maimaita abin da na faɗa kalma-kalma, yana rubutawa yadda ya ji. Na fassara masa: aminci ya tabbata a gare ku, Dogon Tanka ne, wa ke kan layi? Ya tambayi waye Dogon Tanka. Na nuna ƙirjina. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ni da ban kai kafaɗarsa ba, na ga gefen bakinsa ya motsa. Sai a lokacin na ja numfashi sosai.

Ya ba ni wayata na kira maƙwabcina. Ya iso da fasfon yana haki, gumi har gwiwa, abin da ya fara cewa shi ne, "Yaya, sun dake ka?" Aka duba biza da takardar masauki aka ga daidai suke. Aka sa na sa hannu a wata takarda da jami'in ya ce gargaɗi ce. Oba-oban dai ba a mayar wa loban ba. Kafin mu fita jami'in ya ce mini, cikin gutsattsarin Turancinsa, rediyo mai shiga ko'ina yana kai mai shi ko'ina.

Kwana biyu ban fita daga masauki ba, ko ƙofa aka ƙwanƙwasa sai na ɗauko fasfo kafin na buɗe. A rana ta uku maƙwabcina ya raka ni muka koma. Na ba loban haƙuri, ya karɓa a daƙile. Ko kallon ƙaton nan ban yi ba. Na zaɓi ƙaramin mai layi arba'in wanda ba a taɓa cikinsa ba, na haɗa da doguwar eriya mai kyau da ɗan mitan da ake daidaita ta da shi, don tun a hanya na san eriya ce ke kai murya nesa. Ban yarda an kunna shi ba, na ce na yarda da shi a kashe. Wani ɗan zangon Kumasi mai aika kaya ya karɓa, bayan ya ga rasit ya tabbatar babu batir a kwalin.

Ban saki jiki ba sai da jirgi ya ɗaga. Mun iso Kano lafiya, kayan suna kan ruwa har yanzu. Kafin su iso na riga na je na tambayo takardar izinin da ake bukata a nan gida, abin da ban taɓa yi ba duk shekarun da na yi ina surutu a hanya. Na tafi neman na'urar da ta fi kowace ƙarfi, na dawo da wadda ta san iyakarta. Iska ba ta da katanga, amma tana da masu ita, kuma mai hankali yakan saurara tukuna kafin ya danna.