Ƙararrawa a Cikin Kwalba

Duk shekarun da na yi ina koyar da kimiyya a sakandare, babu ajin da ban zana wa kwalba da ƙararrawa a allo ba. In ce da yara: idan aka zuƙe iskar da ke cikin kwalbar nan, za ku ga ƙararrawa tana kaɗawa amma ba za ku ji ta ba, domin sauti iska yake bi. Su rubuta, su haddace, su ci jarrabawa. Ni mai faɗar kuwa ban taɓa gani ba. Makarantarmu ba ta da famfon zuƙe iska, daga alli sai bakina.

Bayan na yi ritaya kunnena na hagu ya mutu, na dama ya fara bin sahu. Likita bai ɓoye mini ba, ya ce abin gaba zai yi ta yi. Ana cikin haka na tsinci famfon a wajen masu sayar da tsofaffin ƙarafa, har da kwalbarsa mai kauri, wani ɗakin gwaji ya yar da su. Na ɗora su a keke mai ƙafa uku sai gidana a unguwar Limancin Kona. Lissafina ɗaya ne: in ban yi gwajin nan da sauran jina ba, ranar da ƙararrawar ta yi shiru ba zan san ko iska ce ta fita ko kunnen ne ya ƙarasa ba.

Hajiya, matata, ta leƙo zaure ta tarar da ni zaune cikin tsatsa.

"Malam, injin markaɗe ka sayo mana?"

"Na zuƙe iska ne."

"To, me iskar ta yi maka?"

Na kwance shi, ina zuba kusoshi a faranti. Man da ke ciki ya daskare kamar maɗi, 'yan faifai biyu na cikinsa da ke zamewa suna kwasar iska sun cije a tsagarsu. A garin nan duk ƙarfen da ya cije fetur ake ba shi, duk injin da ke juyi kuma baƙin mai. Haka na yi. Na jiƙa komai a fetur har robobin da ke toshe haɗi, na sayo man inji wajen wani mai gyaran babur a Ƙofar Gayan, na ɗura. Da aka kawo wuta na wana tsohon agogona mai ƙararrawa, na kife shi da kwalba, na kunna. Zaure ya turnuƙe da hayaƙi, agogo kuwa yana ta ihunsa kamar ba a yi komai ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Har na ɗaga sifana zan maka wa famfon, sai na tuna ba ni da wani.

Da na sake buɗewa na ga ɓarnar. Fetur ya kumbura robobin sun tsattsage, ragowarsa kuma ta gauraya da mai tana tururi, famfon yana fitar da iska, man yana mayar masa da wata. Na bi shaguna da mushen robobin a aljihu har na samo daidai su. Man kirki kuwa sai wajen masu gyaran firji na same shi, su ma da irin famfon nan suke aiki, fari ne tas kamar ruwa. Na zuba, na bar injin ya yi ɗumi, na tsiyaye, na sake zubawa. Haka na yi ta yi, wuta na zuwa tana tafiya, har man da ake hangowa ta ɗan gilashin gefe ya daina duhu. Hajiya ta ce ko jinyar ɗan Adam sai haka. A kwanakin ne na lura sai ta maimaita mini magana sau biyu, ban gaya mata tsoron da na ji ba.

Wata safiya bayan karin kumallo na shafa basilin a bakin kwalba, na ɗora agogo a kan soso don kada ƙara ta bi ta ƙasa. Na kira Hajiya ta tsaya kusa da ni. Ƙararrawa ta ɗauka, na kunna famfo, na kara kunnen dama.

Ƙarar ta fara sirancewa, ta yi nisa, ta ɓace. Na rufe mashigar iska na kashe injin. Ga 'yar gudumar agogon tana dukan ƙarfe da iya ƙarfinta, zaure tsit. Na waiwayi Hajiya.

"Hajiya, kina ji?"

"Wallahi ba na ji, Malam."

Ban yarda ba, don na san tana iya tausaya mini. Na murɗa mashigar kaɗan. Iska ta soma komawa ciki, sai ga ƙarar ta taso ƙasa-ƙasa, tana ƙaruwa, har ta cika zauren. Da kunnena na ji tafiyarta, da shi na ji dawowarta.

Na share idona da hannun riga, na ce da Hajiya ta miƙo mini agogon in sake wana shi.