Lanƙwasar da Ba ta Aikin Komai

A Shenzhen ta ƙasar Sin, in kana zana ɗan allon lantarkin da ke cikin iyafis marar waya, ba maigidanka ne zai gaya maka ka iya ba, masu jabu ne. In suka saci zanenka cikin wata guda, ka isa. In suka ƙyale ka, sai haƙuri.

Shekara goma sha huɗu Meng Dehai yana wannan haƙurin. Daga Hunan ya zo da takardar karatu da kwalbar yaji, ya zauna a wani ƙaramin kamfani yana jera layukan tagulla a kan allon da bai kai farcen babban yatsa ba. Aikinsa ba makusa, batir ya daɗe, sauti ba ya yankewa ko a cunkoson jirgin ƙasa. Sai dai kayan da yake zaɓa tsada gare su, ɓarawo kuwa araha yake so. A kowane allo yakan bar wata 'yar lanƙwasa kusa da batir, layin da ba ya aikin komai, don ranar da aka sace shi ya gane abinsa.

Duk Asabar yana kasuwar Huaqiangbei. Ya sayo jabu uku ko huɗu, ya fasa su a teburin cin abinci, ya duƙa da madubin ƙara girma.

"Yau ma ba su sace ka ba, tsoho?" in ji matarsa.

"Ba su da ido ne."

"To ɗaga gawarwakin nan, zan ajiye shinkafa."

Abin da ke cinsa kuwa Luo Yaqin ce. Shi ya koya mata aikin, shekara biyu tana gefensa tana tambaya kamar mai neman ɓatacce, sannan aka ba ta nata teburin. Allonta na farko sati uku ya yi aka sace. Maigida ya zagi ɓarayi tas, ya kuma saya wa kowa shayi. Meng ya karɓi nasa, ya bar shi ya huce.

Hassada ce, ba ta da wani suna, shi ma ya sani. In ta kawo zane ya duba, sai ya ce idonsa ya gaji. A kasuwa in ya hango jabun samfurinta, sai ya kau da kai. Haka suka shekara huɗu bai kalli allonta ko sau ɗaya ba.

Wata Asabar mai shagon da ya saba ya jefa masa guda a leda, gyara. Nata ne. Meng ya so ya wurgar, sai zuciya ta ce fasa, ai ba za a rasa kuskure ba. Ya fasa, ya kara madubi. Kusa da batir ga lanƙwasarsa, ko kaɗan ba a canza ta ba.

Ran Litinin da azahar ya same ta tana cin taliya, ya ajiye allon gaban kwanonta, ya nuna mata lanƙwasar.

"Wannan fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam Meng, tun allon farko nake sa ta. Na auna, na gwada, ban gano aikinta ba. Amma na san ba ka sa abu a banza, shi ya sa nake tsoron cirewa."

"Su ma ɓarayin tsoro suke?"

"Kowa kwafa yake yi. Masu gyara a kasuwa har suna suka sa mata." Sai kunya ta kama ta.

"Faɗi mana."

"Wutsiyar Luo."

Meng ya zauna. Abin da ya shekara goma sha huɗu yana nema yana cikin kunnen rabin garin, da sunan wata. Daɗi ya zo masa, haushi ya biyo baya ya danne.

"Malam, don Allah mene ne aikinta?"

Ya jawo nasa abincin, ya buɗe kwalbarsa, ya zuba yaji fiye da yadda ya saba.

"Kada ki cire," ya ce.

Ran Asabar ya sayo jabu huɗu, duka nata.