Ɗan Tunkiyar Inna Ya Sha Kofi

Jama'a, yau garin kofi ya ceci rai gidanmu!

Da hantsi tunkiyar Inna ta haihu, ita ɗaya tar rage muna tun da munka baro Gatawa. Ɗan ya maƙale, da ƙyar na jawo shi. Ya fito laƙwas, harshe waje, numfashi sama-sama. Inna tac ce, "Bar shi, wanga ba ya tashi."

Na buga ma likitan dabbobi waya can garin Isa. Yac ce, "Share mishi hanci, murje shi da buhu. Akwai garin kofi kusa?"

Kofi kuma?! Na ruga gidan Alhaji maƙwabcinmu mai fataucin Maraɗi, ya ba ni ƙulli guda. Na dama, ina ɗiga mishi bisa harshe, ina murzawa.

Likita na kan waya: "Inda ni yi karatu, 'ya'yan alade munka yi ma haka."

Inna tac ce, "A'uzubillahi! Ci gaba da ɗigawa!"

Sai atishawa! Sai kuka! Wallahi yanzu ga shi tsaye yana tsotso.

Alhamdulillahi. Likita da Alhaji, Allah shi saka da alheri. Sauran kofin kuwa, Inna ta kulle shi cikin akwati, tac ce duk wanda ya zuba shi ga shayi, da ita za ya yi!