Ranar da Na Ja da Mai Gari

Furfura ta riga ta fara fito mini a gemu lokacin da ubangidana ya rasu, ya bar wasiyya a 'yanta ni da matata. A rinji, ƙauyen bayi, aka haife ni, can wajen Ƙarfi, kuma tun da hannuna ya iya riƙe fartanya a gandun wani nake noma. Da aka ce mana mu tafi inda muke so, sai muka rasa inda muke so. Wani falke mai sayen auduga ne ya ba mu labarin wata 'yar tunga bayan an wuce Tsiga, ya ce mutanenta ba su tambayar baƙo asalinsa, sai dai ko ya iya noma. Muka ɗaure ɗan abin da muke da shi muka kama hanya.

Tungar tana kan wani tudu ne inda rafi ya rabu biyu, ya zagaye ƙasar, sa'an nan ya sake haɗewa a ƙasa. Da rani yaro ma yana tsallakawa da ƙafa. Amma idan damina ta kankama, wurin ya zama tsibiri sosai, ba shiga ba fita sai masu fito sun ɗora mutum kan gora sun tura shi. Gidajen ba su da yawa. Akwai masallaci na jinka, da maƙera ɗaya, da wata tsohuwar ɗorawa a tsakiyar gari. Ana kai wa hakimi haraji a kan kari, saboda haka ba wanda ke damuwa da yadda mutanen ke tafiyar da harkarsu a tsakaninsu.

Mai garin gajere ne, mai tumbi, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu. Bai tambaye ni daga ina nake ba, ko da yake tsagen fuskata ya isa ya gaya masa. Ya kai ni gefen tsibirin na kudu, ya nuna mini saura mai cike da sabara, ya ce in na iya share ta tawa ce. Na durƙusa zan yi godiya, ya ce in tashi kada cinnaku su hau ni. Matarsa ta aiko mana da tukunya da iri na dawa, muka kwana a zaurensa har muka yi ɗakinmu.

Suna da wata al'ada wadda ban taɓa jin irinta ba. Kowace shekara, idan an gama kai amfani rumbu, sai a taru a gindin ɗorawa bayan sallar hantsi. Mai gari ya zo da sandar garin, ya kwantar da ita a ƙasa, ya koma cikin mutane ya zauna a tabarma ɗaya da kowa. Muddin sandar tana kwance, duk wanda ya taɓa noma damina ɗaya a tsibirin yana da bakin magana. Tsofaffin mata suna zama a gefe, su ma suna faɗin nasu, kuma matan aure suna aiko da saƙo ta bakinsu. In an gama, masu yarda da abu su koma gabas da bishiyar, marasa yarda su koma yamma. Daga ƙarshe liman ya ɗauki sandar ya miƙa wa wanda jama'a suka fi so, shi ne kuma za a raka wurin hakimi.

A taron farko da na halarta, na sami wuri can baya na raɓe. Maƙerin garin, wani dogon tsoho mai muryar da ake ji har ƙetare, ya miƙe ya ce mai gari ya yi son kai wajen rabon fadama, ya ba surukinsa wurin da ya fi laima. A rinji na ga an ɗaure mutum a turke saboda abin da bai kai wannan ba. Na dubi mai gari, sai na ga yana sosa ƙeya yana cewa lallai akwai ƙamshin gaskiya, amma maƙeri ya ƙara gishiri. Aka yi dariya, aka sake rabon, aka mayar masa da sandarsa. Da la'asar na gan su su biyu a bakin maƙera suna raba goro ɗaya.

Ni dai ina can baya a raɓe. Da aka ce a rabu gabas da yamma, na jira na ga inda mai gari ya nufa na bi shi. Matata ma ta riga ni sa baki a taro, don ta aika ta bakin wata tsohuwa cewa maza suna wanke awaki sama da inda mata ke ɗiban ruwa, aka kuwa hana. Ta yi kwanaki tana yi mini ba'a a kan haka.

Maƙerin ya lura da ni. Na kai masa garma gyara, yana zuga wuta ya ce ya ga duk inda mai gari ya sa ƙafa nan nake sa tawa, ko ni ma ɗingishin nake koyo. Na ce masa ni baƙo ne, kuma manya sun fi ni sani. Ya ajiye zugazugin ya dube ni.

"Malam, dawar da ke rumbunka wa ya nome ta?"

Na ce ni ne.

"To ba baƙo ba ne kai. In ka yi shiru, mu ka cuta, don ba mu san abin da ka gani ba."

Na karɓi garmata na tafi. Maganar ta zauna mini, amma ban yi niyyar aiki da ita ba.

Shekarar da ta biyo damina ta yi gardama, wasu gidaje suka ci hatsinsu tun kafin bazara. Da kaka ta sake zagayowa aka zauna a gindin ɗorawa, mai gari ya kawo shawara. Ya ce a ware fili a arewacin tsibiri a yi gonar gari, abin da aka samu a zuba a rumbu ɗaya don gidan da yunwa ta kama. Kowane magidanci ya ba da safiyar wasu ranaku, a naɗa mutum guda mai kula, yana kiran suna yana duba wanda ya zo da wanda bai zo ba, wanda ya ƙi kuma a ci shi tara. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Har maƙeri, abin mamaki, bai ja da shi ba.

Ni kuwa tun da ya ambaci mai kiran suna rinji ya faɗo mini a rai. Ban san lokacin da na miƙe ba, sai dai na ga idanu a kaina. Na ce, "Ranka ya daɗe." Mai gari ya nuna mini sandar da ke kwance, ya ce yau ba mai wannan sunan a nan, in faɗi maganata kawai.

Na ce ban yarda ba. Na ce na san gonar da ake kiran suna a bakinta, a cikinta na girma. Mai kula yana farawa da kiran suna ne, daga baya ya yanki tsumagiya don nuna kunyoyin gona, daga baya tsumagiyar ta sauka a bayan mutum. Na ce mahaifiyata ta yi shuka da zazzaɓi a jikinta saboda tsoron kada a kira ta ba ta amsa ba. Kowa ya noma tasa, in maƙwabci ya rasa a ba shi daga rumbu, amma kada a kafa gandu a tsibirin nan. Na zauna ban gama ba.

An daɗe ana muhawara. Mai gari ya ce ya ji ni, amma kyauta daga rumbu ba ta isa a shekarar da kowa ke cikin rashi, kuma bai janye ba. Da aka rabu, kusan duk gari suka koma gabas. Yamma muka tsaya ni da maƙeri da wasu tsofaffi mata biyu, kuma na tabbata maƙerin don kada in tsaya ni kaɗai ya zo. Abu ɗaya aka sauya: liman ya ce a bar kiran suna da tara, a buga ganga kawai da safe, aka amince. Aka mayar wa mai gari sandarsa.

Na koma gida na ce wa matata ta fara haɗa kaya, don ban ga yadda za mu ci gaba da zama a ƙasar mutumin da na kunyata a gaban jama'a ba. Ta ce ita ba inda za ta, ta riga ta shuka rama da kuɓewa a bayan ɗaki, in tafiya ta kama ni in sauka lafiya.

Washegari da hantsi na ji sallama a ƙofar gida. Mai gari ne, shi kaɗai. Ya zauna a kan turmi, ya ce a ba shi kunu in akwai saura. Ya sha, ya yaba wa matata da tsamiyar da ta sa. Sa'an nan ya ce in ba shi labarin rinji tun daga farko, don shi a tsibirin aka haife shi, abin da ya sani jita-jita ne. Na yi ta ba shi har rana ta take. Bai katse ni ba, sau ɗaya kawai ya tambayi ko mahaifiyata ta warke daga wannan zazzaɓin. Da zai tashi ya ce, "Har yanzu ina ganin ni ke da gaskiya a kan gonar. Amma baɗi ma ka tashi ka faɗa, kada ka bar ni da maƙeri shi kaɗai, na gaji da muryarsa."

Da aka fara buga gangar gonar gari, na yi safiya da yawa ban je ba, ina jira in ga ko wani zai zo ya tambaye ni. Ba wanda ya zo. Ranar da na ɗauki fartanya na tafi da kaina, aka matsa mini wuri a layi, aka ci gaba da hirar da ake yi. Gonar ta yi amfani a wasu shekaru, a wasu kuma ciyawa ta cinye rabinta saboda mutane sun yi lalaci, kowane ɓangare ya sami abin kafa hujja.

Bayan wasu shekaru jama'a suka ba wani sandar, saboda mai gari ya tsufa kuma ya yi sakaci da gyaran mashigin rafi. Ya yi fushi na 'yan kwanaki, ya ƙi fita sallar jam'i, har matarsa ta kore shi daga ɗaki ta ce yana hana ta shara. Daga nan ya zama abokin zamana a gindin ɗorawa. Ba a taɓa yin mai ƙorafi irinsa ba. Sabon mai gari bai isa ya buɗe baki ba sai tsohon ya zungure ni da gwiwar hannu, ya ce in tashi in fara, shi zai ƙarasa. Sau da yawa ma ban san abin da muke adawa da shi ba sai ya raɗa mini.

A cikin damina tsohon mai garin ya rasu, ruwa ya cika rafi, 'yan'uwansa na ƙetare ba su sami zuwa ba sai bayan an yi sutura. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan maƙeri, Ya jiƙan matata da ta ƙi haɗa kaya.