Gidan Pargeter

Beryl Oakshott ta shekara arba'in da ɗoriya a ƙauyen Little Marlby, amma har gobe baƙuwa ake ce mata. Laifinta ɗaya: a garin da ke bayan tudu aka haife ta, aure ya kawo ta. Wannan ta haƙura da shi. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne gidanta. Ita da mijinta Dennis suka saye shi, suka sake rufinsa, a ciki ta haifi 'yarta, daga ciki aka fitar da gawar Dennis. Duk da haka kowa "gidan Pargeter" yake cewa, sunan wani maƙeri da ya mutu tun kafin yaƙin duniya, wanda ko hotonsa ba mai shi.

Mutanen ƙauyen nan akwai taurin kai. Ba irin wahalar da Beryl ba ta yi musu ba. Ita ce furannin coci, ita ce shayin 'yan wasan kurket, ita ce zaman jinya. Har allo ta kafa a ƙofa da sunanta baro-baro. Mai kawo wasiƙu ya tsaya ya karanta, ya ce, "Kai, gidan Pargeter ya yi sabon allo."

Da gwiwoyi suka gaza mata, 'yarta Gillian ta matsa ta koma birni wurinta. Aka sayar da gidan.

Ranar tashi ta shiga shagon Norman yin sallama, sai ta tarar da shi yana yi wa wasu matasa, miji da mata, kwatance.

"Ku wuce coci, ku bi hagu. Gidan Beryl ne kuka saya, kowa ya san shi."

Beryl ta dafa kanta. "Gidan wa ka ce, Norman?"

"Naki mana."

"Yau kuma? Da bakinka, ko makon jiya, Pargeter ka ce."

"Haba Beryl, makon jiya ai kina ciki," in ji Norman, yana mamakin tambayar. "Wa ya taɓa kiran gida da sunan wanda yake ciki?"

Ta dubi yarinyar da za ta shiga gidan, sai tausayinta ya kama ta. Ta fita ba ta yi sallamar ba.

A mota haushi ya sa ta kuka. Gillian ta tambaye ta ko ta mance wani abu ne.

"Ja mu tafi," in ji Beryl. "Sun ba ni gidan, yanzu da makullin yake hannun wasu."